Talatin da Takwas

Ƙarfe uku na dare a Trondheim,
hawa na huɗu, ɗakin ƙarshe.
Dusar ƙanƙara na sauka kan fitilun titi ba ko motsi,
ni kuwa ina zaune da takalman aiki a ƙafa
ina gadin wani koren layi a allo.

Talatin da takwas.
Iyakar abin da zuciyar Eskil ke bugawa ke nan a minti in barci ya ɗauke shi.
Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna na ƙirga tawa:
saba'in da huɗu.
Da ana ranta wa, da na ba shi rabi
ban ce a biya ni ba.

Shekara ashirin ina duba inji a jirgin fito,
da kunne nake gano ƙarfen da zai ba mu wahala gobe.
Amma yaron da ke zaune a teburina
yana yanka dankali ɗaya gida goma sha biyu,
yana zagaya faranti da shi har ya huce,
ban ji komai ba.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.
Nawa bai sani ba.

Ni na fi kowa ihu a gindin tudu
ran da ya sulalo a kan ƙanƙara ya daka tsalle,
ya rataye a iska kamar an manta shi can.
Wani ya raɗa masa: mara nauyi shi ke nisa.
Ya haɗiye maganar.
Ita ce abu na ƙarshe da ya haɗiye da son ransa.

Da asuba Torunn ke shigowa tana murza tafin hannu don ya yi ɗumi,
riƙe da maɗaurin damtse na ƙananan yara,
na manya ya yi masa yawa.
"Kwanta tukuna. Minti biyar."
Iska ta cika, ta matse, ta saki kamar ajiyar zuciya.
Tamanin da shida bisa hamsin.
"To, miƙe a hankali."
Ya miƙe, ya dafa ƙarfen gado, leɓensa ya yi fari,
zuciyar ta zabura ta haura ɗari
kamar tsuntsun da aka rufe wa taga.
Torunn ta rubuta. Ba yabo, ba fallasa.

"Baba, duk 'yan wasa haka tasu take, a natse."
Da alfahari ya faɗa.
Likita ta jawo kujera ta zauna daidai tsayinsa:
"Zuciya ma tsoka ce, Eskil.
Gidan da itace ya ƙare a tsakiyar sanyi,
kujeru ake fara ƙonawa, sannan ƙofa."
Ya juya wa bango fuska.

Na so a cika masa faranti a ranar.
Aka ce a'a, wutar da ta kusa mutuwa
ba a danne ta da gungume.
Cokali, cokali. Kullum a ɗebi jini a duba gishirinsa.
Banɗaki ma a keke ake tura shi,
yaron da ke tashi sama.

Dare na sha tara.
Ya sha madararsa yana kuka yana zagina,
na riƙe kofin, ban ce uffan ba.
Yanzu layin na hawa da sauka kamar ƙaramar igiyar ruwa.
Arba'in da bakwai.
Na san da sauran rina a kaba.

Ya buɗe ido ɗaya: "Nawa?"
Lissafi ne ya kawo mu nan,
don haka na ja masa bargo na ce,
"Tana aiki. Yi barci."
Hannunsa a cikin nawa,
kan yatsun har yanzu da sanyi,
amma tafin ya fara ɗumi.